Kuskuren Farfesa

Tun daga takun sawunsa a kan matakala Auta ta gane ba da labari mai daɗi ya zo ba. Kullum bibbiyu yake tsallakewa yana fito, kafin ya iso ofishinta ta riga ta fara murmushi. Yau kuwa ɗaya bayan ɗaya yake hawowa, kamar wanda aka ɗora wa buhu.

Ta ajiye allin da ke hannunta, ta goge yatsunta a gefen mayafi.

Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Takalmansa duk siminti, alamar daga wurin aikin gada ya taho. Ya dubi allon da ya cinye bango guda, cike da lissafi daga sama har ƙasa, sai ya kawar da kai.

"Yaya jikin Baba?" ta tambaya.

"Da sauƙi. Jiya aka sallamo shi. Hannun dama dai bai motsa ba har yanzu, maganar ma sai an kasa kunne."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Shigo mana ka zauna."

"Ba zama na zo yi ba." Ya nisa. "Mama ta ce a dakatar da maganar aurenmu."

Ta laluba kujera ta zauna. Sati bakwai kacal suka rage.

Auta ita ce ta ƙarshe a gidansu, sunan ya biyo ta har jami'a, ko da yake ɗalibai Dakta suke ce mata. Aikinta nazarin taurari, amma ba irin wanda mutane suke zato ba. Ita ba ta leƙen sama da madubi. Masu leƙen su aiko da abin da suka gani, ita kuma ta zauna da alli da kwamfuta ta lissafo dalilinsa. Abin da ta ƙware a kai shi ne matattun taurari, waɗanda makamashinsu ya ƙare suka ruguje suka dunƙule, har ɗaya bai fi girman gari guda ba, yana ta juyi kamar katantanwa. Juyin raguwa yake a hankali, amma jefi-jefi sai tauraron ya zabura ya ƙara gudu.

Farfesa, mahaifin Injiniya, shi ya fitar da lissafin da ya bayyana dalilin wannan zaburar, shekara talatin da suka wuce. Da shi aka san shi, a kansa aka ba shi lambar yabo. Kuma shi ya tsamo Auta tun tana aji uku, ya raine ta da hannunsa. A falonsa ta fara haɗa ido da ɗansa, ranar da ta kai masa babin farko na kundinta.

Shekara biyar ta yi tana ɗora gini a kan lissafin malaminta, ginin yana ƙin tsayuwa. Ta zargi kanta, ta zargi kwamfuta. Da ta gaji ta koma tushe ta bi layi-layi, sai ta ci karo da wani ɗan adadi da Farfesa ya yar tun farko, ya ce ƙanƙantarsa ba za ta canza komai ba. Ashe in tauraron ya tsufa, adadin girma yake yi har ya rinjayi sauran. In aka mayar da shi gurbinsa, lissafin gaba ɗaya rushewa yake.

Sau uku ta kai masa takardun daga ita sai shi. Sau uku yana turo mata su ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Je ki sake dubawa, 'yata." A na huɗu ta ce masa za ta aika wa mujalla, ya ce ta yi abin da ta ga dama. Sai ga taron ƙara wa juna sani na sashe, tana cikin haska lissafinta a bango shugaban sashe ya miƙe a gaban kowa ya tambaye ta, shin lissafin Farfesa yana nan daram ko kuwa? Ta dubi malaminta a sahun gaba, ta faɗi gaskiya. Ko awa uku ba a yi ba Farfesa ya yanke jiki ya faɗi a wurin ajiye motoci.

"Sharaɗi ɗaya Mama ta gindaya," in ji Injiniya. "Ki janye maƙalar. Ki tsaya a ɗakin da abin ya faru, ki ce kin sake dubawa kin ga ke ce kika yi kuskure."

"Amma ban yi kuskure ba."

"Na san haka za ki ce."

"Ba taurin kai ba ne. Na bi shi ya fi sau arba'in, kowane bi ina roƙon Allah Ya sa ni ce na ɓata. Kana zaton daɗi na ji?"

Ya shigo a ƙarshe, ya dafa teburinta da hannu biyu. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Auta, ni gada nake ginawa. In na yi kuskure, mutane ne za su zuba cikin ruwa. Ke fa? Wa zai mutu don kin yi ƙarya a kan wani tauraro da ya ƙone tun ba a haifi kakanninmu ba? Babu. Amma ga mahaifina can kwance, sai an ɗaga shi an kwantar."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

"Baba ne ya koya mini cewa ranar da na gyara amsa don ta yi wa wani daɗi, in ajiye alli in nemi wata sana'ar. Yanzu don shi ake so in yi abin da ya hana ni?"

"Don ni ake so ki yi. Ko ni ban kai ba?"

Ta kifa kanta a kan tebur tana kuka. Ya daɗe a tsaye a kanta, ya ɗaga hannu kamar zai dafa kafaɗarta, sai ya fasa.

"Zuwa jibi Mama ta ba ki," ya ce, ya juya ya fita.

Ƙamshin shugaban sashe ya riga shi shigowa, shi ya sa ɗalibai suke ce masa Mai Turare. Ya ba hamsin baya, shekara uku ke nan da rabuwarsa da matarsa, kuma sau biyu yana neman auren Auta tana ba shi haƙuri. Kowa a sashen ya san ba sa ga maciji da Farfesa.

Ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce masa ya zauna ba.

"Na ga ɗan gidan Farfesa yana sauka kamar an aiko shi kashe wuta. Ki share hawayenki, Dakta, albishir na kawo. Editan mujallar abokina ne, ya ce an karɓi maƙalarki, a fitowa ta gaba za ta shiga."

"Ina tunanin janyewa, ranka ya daɗe."

Ya yi 'yar dariya. "Ki janye mana. Mutum sittin ne a ɗakin taron nan, kowa ya ga abin da kika haska a bango. Ɗalibina ya kwafe shi kaf. In kin janye yau, ba zai yi wata uku ba zai fitar da shi da sunansa. Farfesa dai ya faɗi, ko da hannunki ko da na wani."

Ta ɗago ta dube shi. Wannan ne bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ko ta sayar da gaskiyarta, ba abin da za ta ceto.

"Ka san yana da hawan jini," ta ce a hankali. "Da gangan ka yi mini tambayar nan a gabansa."

"Tambaya ce ta ilimi, ke kuma kika ba da amsa ta ilimi." Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Ofishinsa zai zama babu kowa, kuma ban ga wanda ya fi ki cancanta ba. Sannan maganata ta da tana nan. Ni ba zan taɓa cewa ki zaɓa tsakanina da aikinki ba."

Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Ina da aji," ta ce, alhali ba ta da shi.

Da la'asar ta iske Yayanta a gida, zaune kusa da Inna, fuskar nan a murtuke. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan. Ashe Mama ta riga ta kira shi a waya.

"Kin ga kujerar can?" ya nuna da baki. "A kanta Farfesa ya zauna, da furfurarsa, yana roƙona in bar ki ki ci gaba da karatu. Ya ce irinki ba a samu sai an daɗe. Yau da wane ido zan dube shi?"

"Yaya, ban zage shi ba. Lissafi ne."

"Lissafin ne zai zauna da ke in kin tsufa? Shekararki talatin da biyu. Kin samu ɗan mutunci yana son ki kina son shi, kika sa ƙafa kika shure. Ga shugaban naku ma ya aiko mini da ƙaninsa ɗazu da maganar aurenki. Ban amsa ba, amma ban kore shi ba."

"Gara in mutu ban yi aure ba."

"To ki gyara ɓarnar da kika yi."

Ya kakkaɓe riga ya fita. Auta ta zame daga kujera ta ɗora kanta a cinyar Inna. Tsohuwar ta daɗe tana shafa kanta.

"Ni ban san taurarin nan naki ba, Auta," ta ce daga baya. "Duk bayanin da kika yi mini ta kunnen nan yake shiga ya fita ta wancan. Abin da na sani, tun da yaron nan ya shigo rayuwarki na fara jin kina dariya daga ɗaki. Da can sai ƙarar takarda. In kin rasa shi, takardar za ki koma wa, ni kuma ba zan daɗe ina shafa kan nan ba."

"Inna, in na ce na yi kuskure, ƙarya na yi."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. Na ce ki je gidan da ƙafarki. Ki durƙusa, ki ba matar nan haƙuri. Mijinta ne a kwance."

Washegari da hantsi ta je. Shekara goma tana shiga gidan nan ba ta jiran iso, yau sai da ta yi sallama sau uku kafin a amsa.

Mama na zaune a falo da carbi a hannu, ta rame a cikin kwana goma. Injiniya na gefe bai je aiki ba. Wata kyakkyawar mace ta fito daga kicin da tire, ta zuba masa shayi, ta sa sukari cokali ɗaya da rabi ba tare da ta tambaye shi ba. Auta ta gane ta. 'Yar ƙanwar Mama ce, nas, wadda tun da can Mama ta so ya aura. Tun ranar da Farfesa ya faɗi ta ɗauki hutu tana jinyarsa, daga asibiti har gida.

Auta ta durƙusa a kan kafet ta gaida Mama. Mama ta amsa a taƙaice.

"Kin zo da takardar janyewar?"

"Mama, haƙuri na zo bayarwa."

"Haƙuri." Mama ta ajiye carbin. "Kin san yadda aka yi lissafin nan da kika rusa a cikin minti biyar? A ɗaki ɗaya muke lokacin, da goyon wannan a bayana. In ya fara kuka sai in fita da shi waje in yi ta zagaye, don kada ya katse wa ubansa tunani. Shekara huɗu ina ganin bayan mijina, ba na ganin fuskarsa. Ban taɓa ƙorafi ba, don na san abin da yake ginawa. Sai ke, da na zuba wa abinci da hannuna, da nake ce wa 'yata tun ba a yi maganar aure ba, ke ce za ki tsaya a gaban maƙiyansa ki ce aikin banza ya yi?"

"Wallahi ban ce aikin banza ba ne, Mama. Da ba don aikinsa ba, da ban san inda zan duba ba. Kowane malami yana kuskure."

"To ke ma ki yi naki kuskuren, ki faɗa a gaban jama'a mu gani ko da daɗi."

Auta ta juya ta dubi Injiniya, ko zai ce wani abu. Idonsa na kan kofin shayinsa.

Nas ta leƙo daga ɗakin ciki, ta ɗan yi jim.

"Baba ya ji muryarta. Ya ce ta shigo, ita kaɗai." Ta dubi Auta ba fara'a. "Kada ki daɗe. Likita ya ce ko ƙaramin tashin hankali zai iya maimaita abin, kuma na biyun ba lallai ya tashi ba."

Ɗakin na warin magani. An jingina Farfesa da matasai uku, gefen bakinsa ya karkace, hannun daman yana yashe a kan bargo kamar ba nasa ba. Auta ta tuna yadda hannun nan yake cika allo uku a cikin awa guda, sai kuka ya ƙwace mata. Ta zube a gefen gadon.

"Baba, ka yafe mini. Zan janye. Zan ce ni ce na ɓata. Komai ya ƙare, ni dai ka tashi."

Ya girgiza kai da ƙyar. Ya yi mata alama da hannun hagu ta matso.

"Kada... ki janye."

Ta ɗago tana dubansa.

"Daidai... kika yi." Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. "Na sani. Shekara... ashirin da biyu... na sani."

Ta zaci ba ta ji daidai ba.

A rarrabe, yana yi yana hutawa, ya gaya mata. Ana saura sati guda a ba shi lambar yabo ya gano kuskuren da kansa. Ya rubuta wasiƙar gyara, ya ce bayan taro zai aika. A wurin taron ya hango ɗansa a sahun gaba, yaro ɗan shekara goma sha biyu, yana tafi har yana tsalle. Da ya koma gida ya yayyaga wasiƙar. Daga nan kowace shekara sai faɗar ta ƙara nauyi.

"Na san ke... za ki gano. Na so... in mutu tukuna."

"Shekara biyar, Baba," ta ce. "Kana kallona ina zargin kaina. Har na ce maka zan bar aikin don ƙwaƙwalwata ba ta kai ba, ka ce in ƙara ƙoƙari."

Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

"To ka gaya musu. Baba, za su raba ni da shi. Ko cewa kawai ka yi ka yafe mini, a bar maganar auren."

"Na faɗa. Uwarsa ta ce... ciwo ne... ke magana."

"To ka faɗa musu gaskiyar duka."

Ya damƙe gefen mayafinta da hannun hagu, da wani ƙarfi da ba ta zaci yana da sauransa ba.

"Kuskure... ana yafewa. Ɓoyewa... a'a. Ɗana... kada ya sani. Ki rantse."

"Baba, kada ka yi mini haka."

"Ki rantse... 'yata."

Ƙirjinsa ya fara hawa da sauka da sauri, idanunsa suka firfito. Tsoro ya kama ta. Ta rantse masa da Allah, ta maimaita, sai da ta ga numfashinsa ya daidaita sannan ta zare mayafinta daga hannunsa.

Da ta fito, su uku suka zuba mata ido.

"Me ya ce miki?" Mama ta tambaya.

Kalma biyar za ta faɗa ta wanke kanta. Ta ji su a kan harshenta. Ta haɗiye su.

"Bai gane ni ba, Mama."

"Ai haka kika mayar da shi. Janyewar fa?"

"Ba zan iya ba."

"To ki gaida Innarki. Za mu aiko."

Ba ta san yadda ta sa takalmanta ba. Ta ratsa tsakar gida, rana na dukan kanta, ba ta ganin gabanta sosai. Ta ɗora hannu a kan sakatar ƙofar waje ke nan ta ji muryarsa a bayanta.

"Auta."

Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa muka shiga wannan halin. Ina bakin ƙofar ɗakin. Ban ji abin da yake cewa ba, amma ya fi minti goma yana magana, kuma na ji kin rantse. Mutumin da bai gane ki ba ne zai sa ki rantsuwa?"

Ta runtse ido.

"Ki dube ni ki gaya mini abin da Baba ya ce. In akwai abin da zan riƙe in tunkari Mama da shi, ki ba ni. Ina roƙonki. Ba ni da komai a hannuna."

Ta juyo. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun ranar da ake tura mahaifinsa a gadon asibiti.

"Ba zan iya faɗa maka ba."

"Ko da a kansa za mu rabu?"

"Ko da a kansa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ja da baya taku biyu.

"Shi ke nan. Tun da ke ba za ki faɗa ba, zan shiga in tambaye shi da kaina, kuma ba zan fito ba sai na ji."

Ta ƙara damƙe sakatar.

"Don Allah kada ka shiga. Ka ji abin da likita ya ce. Ka rabu da ni in kana so, amma kada ka tambaye shi."

Bai ko waiwayo ba. Ta saki sakatar ta bi shi da gudu, takalminta ɗaya ya fice a tsakar gida. Kafin ta kai baranda ya riga ya ratsa falo, ya ture hannun nas da ta tare shi, ya shiga ɗakin mahaifinsa. Tana isa ƙofar ta ji ya murza mukulli daga ciki.